Tambaya kan damin sautuka: me ya raba fiyanon jaz da na kiɗan kilasik?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi karatun kiɗa a makaranta, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Shekara shida ke nan ina kaɗa fiyano a Agege, ina yi wa mawaƙanmu na Hausa kiɗa a situdiyo da wuraren biki. Ban taɓa zama a aji ba. Wani abokina Bayerabe da ke kaɗawa a cocinsu shi ya nuna mini do, re, mi, ya kuma koya mini danna sauti uku a lokaci guda, abin da suke kira kod, ni kuwa nake ce masa dami, tunda sautuka ne aka ɗaure wuri ɗaya kamar damin gero. Da dami uku nake neman abincina, na ɗaya da na huɗu da na biyar, wato waɗanda suka tashi daga do da fa da so, idan waƙar ta tausayi ce in ƙara na shida.

Kwanakin baya na raka wani abokin aikina zauren MUSON da ke Onikan, muka saurari wata baiwar Allah tana kaɗa kiɗan Turawa na dauri, wanda ake kira kilasik. Bayan mako biyu kuma na ji wasu 'yan jaz a Freedom Park. Fiyano ɗaya ce a wurin biyu, amma kunnena ya ce mini harshe biyu ake yi. Na Onikan, duk inda kiɗan ya je sai na ji ya dawo gida ya zauna. Na 'yan jaz kuwa kowane dami yana da wani ɗan tsami a cikinsa, amma tsamin mai daɗi ne, kuma ko da suka gama ban ji an rufe ƙofa ba.

Abin da nake son sani shi ne, damman da waɗannan ke dannawa daban suke da na waɗancan, ko kuwa iri ɗaya ne aka sāke musu shiga? Sannan na kwaikwayi wasu damman jaz daga bidiyo, na saka su a ƙarƙashin waƙar wani mawaƙinmu, sai ya tsayar da ni ya ce kiɗan yana faɗa da muryarsa, kuma da na saurara da kyau na ga gaskiyarsa. Me ya jawo haka? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malama Mai Fiyano, Yaba, ta amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kalmarka ta dami ta kwanta mini, kuma da ita zan yi maka bayani.

Hanyar ɗaure damin ɗaya ce a gidajen biyu. Kana ɗaukar sauti, ka tsallake na kusa da shi, ka ɗauki na gaba: do, mi, so, wato C, E, G. Idan ba ka tsaya nan ba, ka ci gaba da tsallaken, za ka tarar da ti, shi ne na bakwai, sai re na sama, na tara ke nan, sai fa, na sha ɗaya, sai la, na sha uku, daga nan ka koma kan do. Saboda haka lambobin nan 7, 9, 11 da 13 da kake gani a takardun 'yan jaz ba wani ɓoyayyen asiri ba ne, suna gaya maka tsawon damin ne kawai. Haka kuma ko ka juya shi ka fara da mi ko da so a ƙasa, damin bai canza suna ba. Bafaranshen nan Rameau shi ya shimfiɗa wannan magana filla-filla a littafinsa na 1722, kuma har yau a kanta ake koyarwa.

A cikin wannan shekara ta 1722 ɗin dai, makaɗin nan Bach ya tattara kashi na farko na littafin kiɗansa mai suna Well-Tempered Clavier a ƙasar Jamus. Ina so ka nemi kiɗan farko a ciki, wanda yake kan C, ka saurari gaɓa huɗu na farkonsa kawai. A ta farko hannu yana kan C, E, G. A ta biyu C yana nan a ƙasa bai motsa ba, sai D, A, F suka hau kansa. A ta uku C ya sauko rabin taki, wato zuwa maɓallin da ke manne da shi, ya zama B, sama kuma akwai D, G, F. A ta huɗu aka koma inda aka fara. Idan ka miƙa wa ɗan jaz waɗannan gaɓoɓi ka ce ya rubuta sunayensu, zai rubuta C, Dm7, G7, C, ukun ƙarshe su ne damman re da so da do, wato biyu, biyar, ɗaya ɗin nan da 'yan kibod na Legas suke ambato kullum kamar sabon abu. Shekara ɗari uku ke nan yana rubuce.

To ina bambancin? A wurina yana ga matsayin da kowane gida ya ba sauti na bakwai. A wajen Bach da Haydn da Mozart, na bakwai baƙo ne. Sau da yawa sai an yi masa shimfiɗa tun kafin ya zo, kamar yadda C ɗin nan ya riga ya zauna a gaɓa ta farko kafin ya zama tsami a ta biyu, inda shi ne na bakwai idan an ƙirga daga D, kuma idan ya zo dole ya tafi, ta hanya guda, wato ya sauko kan sautin da ke ƙasansa. Duba dai: C ya sauko B, F ya sauko E. Daɗin da ka ji a Onikan na dawowa gida daga nan yake, domin an ɗaure kunnenka sannan aka kwance shi, kuma a ƙarshen kiɗan ba a bar maka komai ba sai tsurar do, mi, so. A jaz kuwa baƙon nan ya zama ɗan gida. Makaɗi zai kai ƙarshen waƙa ya zauna a kan C, E, G, B, D, ya ɗaga hannu ya bar ti da re suna shawagi, babu mai jiran su sauka ko'ina. Shi ya sa ba ka ji an rufe ƙofa ba.

Injin da ke tura kiɗan gaba a gidajen biyu yana cikin G7, kuma sauti biyu ne kacal, B da F, wato ti da fa. Tsakaninsu rabin taki shida ne, daidai rabin tsanin sautuka goma sha biyu, kuma kunne ba ya iya zama a kansu. Ti yana son hawa do, fa yana son sauka mi. Danna su kaɗai, sannan ka matsa yatsun biyu zuwa C da E, za ka ji abin da nake faɗa ba tare da wani ƙarin bayani ba. Ka riƙe wannan, domin kusan komai a kansa yake juyawa.

Akwai wani abu da na ga masu koyo da kunne suna tsallakewa, kuma shi ne abin da karatun kilasik ya fi ba mutum. Mu ana koya mana mu ɗauki dami a matsayin mawaƙa huɗu da suka haɗu, kowa da waƙarsa, kamar dai muryoyi huɗun da za ka ji a ƙungiyar mawaƙan babban cocin Marina. Idan za a tashi daga wannan dami zuwa wancan, ba a ɗauke hannu gaba ɗaya a cilla shi wani wuri, ana duba kowace murya ne a ga mafi kusan wurin da za ta taka. Har akwai abubuwan da aka hana ɗalibi, misali muryoyi biyu da ke da tazarar biyar a tsakaninsu su yi tafiya tare da wannan tazarar, don idan suka yi haka sai su narke su zama kamar murya ɗaya. Debussy ya zo ya yi watsi da wannan hani da gangan, yana jan dami sukutum sama da ƙasa saboda launinsa, kuma daga wurinsa da Ravel 'yan fiyanon jaz suka kwashi abubuwa da yawa. Shi ma Ravel ɗin ya je Amurka a 1928, ya saurari jaz, har ƙamshinsa ya fito a kiɗansa na fiyano da ƙungiya da ke kan G.

Kada kuma ka ɗauka cewa ƙirƙira nan take ta 'yan jaz ce kaɗai. A zamanin Bach ana ba makaɗi layin sautin ƙasa ne da 'yan lambobi a gindinsa, shi zai cike sauran da basirarsa yana cikin kaɗawa. Tsakanin wannan takarda da wadda ɗan jaz yake ajiyewa a gabansa yau babu nisa sosai.

Tsohon Ɗan Badujala, Obalende, ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malama, Allah ya ƙara sani, bayaninki ya fita. Ni ba makaɗin fiyano ba ne, mabushi ne, na yi shekaru ina busa a badujala, da daddare kuma muna haɗuwa da abokai mu yi jaz da hailaif. Akwai wuri ɗaya da zan ɗan ja da ke, domin wanda ya karanta jawabinki zai iya zaton jaz jikan Bach ne da ya yi ƙiriniya. Dangin uba kika lissafa, ba ki taɓo dangin uwa ba.

Dangin uwar su ne bulus, waƙar baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga wannan yanki namu. Ɗana na Agege, damman nan uku da ka ce kana neman abinci da su, su ne bulus ɗin gaba ɗaya. Gaɓa goma sha biyu ce: huɗu a kan na ɗaya, biyu a kan na huɗu, biyu a kan na ɗaya, ɗaya a kan na biyar, ɗaya a kan na huɗu, biyu a gida. Amma kowannensu ana liƙa masa ƙaramin na bakwai, C7, F7, G7. A ƙa'idar da Malama ta kawo, C7 ba wurin zama ba ne, hanya ce ta zuwa F. A bulus kuwa C7 shi ne gidan kansa, a nan ake farawa, a nan ake kwana. Wannan bai fito daga littafin Rameau ba. Sannan mai waƙa ko mai busa yana ɗora ƙaramin mi, wato E♭, a kan damin da ke ɗauke da E, kuma sau da yawa ba ya ma tsayawa a kan ɗayansu, yana lanƙwasa sautin ne a tsakaninsu, yadda mai goge yake jan yatsa a kan izga. Fiyano ba ta iya lanƙwasa, shi ya sa za ka ji irin su Thelonious Monk suna murƙushe maɓallai biyu maƙwabta a tare. Tsamin da ka ji a Freedom Park rabinsa daga nan yake.

Inda na yarda da Malama ɗari bisa ɗari shi ne maganar ti da fa. Mu masu busa sauti ɗaya muke iya fitarwa a lokaci guda, saboda haka dole mu san wane sauti ne ran damin. Na uku ne da na bakwai. A Dm7 su ne F da C. A G7 su ne B da F. A Cmaj7 su ne E da B. Ka lura da kyau: daga na farko zuwa na biyu F yana nan, C kaɗai ya sauko B, daga na biyu zuwa na uku B yana nan, F kaɗai ya sauko E. Yatsa ɗaya ke motsi kowane karo. Idan akwai mai bes a ƙungiya, wato mai kaɗa sautin ƙasa, ɗan fiyano ba ya ma wahalar da kansa da tushen damin, sai ya danna F, A, C, E, sannan F, A, B, E, sannan E, G, B, D. Gwada wannan da hagunka yau. Irin wannan shimfiɗa ta yaɗu ne a hannun su Bill Evans, kuma ita ce ƙarar da mutane ke ji su ce ai wannan jaz ne.

Ga kuma wata dabara da ke rikita masu koyo. Tunda B da F su ne ran G7, kuma waɗannan sautuka biyu su ne ran D♭7, to ɗaya yana iya tsayawa a madadin ɗaya. Maimakon bes ya yi tsalle daga D zuwa G zuwa C, sai ya gangaro D, D♭, C, rabin taki rabin taki. Na daɗe ina ɗauka wannan namu ne, sai wani bandmasta da muka yi aiki a ƙarƙashinsa ya nuna mini a takardar Beethoven wani dami, A♭, C, E♭, F♯, wanda a kunne daidai yake da A♭7, kuma shi ma G yake gangarowa. Suna ne kawai da rubutu suka bambanta.

Wani abu kuma, kada ka ɗauka yawan damma shi ne ƙwarewa. A shekara ɗaya, 1959, an ɗauki faifai biyu da suka ja abin zuwa gefe biyu. John Coltrane a Giant Steps yana sauya dami kusan kowane bugu biyu, yana zagaya gidaje uku, wato wuraren da do yake zama, B da G da E♭, ba ya barin kunne ya huta. Miles Davis kuwa a So What ya tsaya kan tsani ɗaya na D gaɓa goma sha shida, ya ɗaga rabin taki gaɓa takwas, ya dawo takwas, shi ke nan. Kuma Coltrane ɗin yana cikin masu busa a faifan Miles. Mu a Legas wannan hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Fela ya tafi Landan a 1958 ya yi karatu a Trinity College of Music, ya san duk ƙa'idojin da Malama ta faɗa, amma da ya samo nasa salon sai ya riƙa tsayar da ƙungiya a kan dami ɗaya ko biyu na tsawon minti goma ko fiye, motsin duk yana ga ganguna da bes da amsa-amon ƙahoni. Ni ina ganin amsar tambayarka ta biyu tana wajen nan, amma sai na san irin waƙar da mawaƙin naka yake yi.

Injiniyan Sauti, Ikeja, ya amsa:

Gaisuwa ga Malama da Baba. Ni aikina ɗaukar murya da haɗa sauti ne, zan ƙara ɗan abin da na'ura take nuna mini, wataƙila ya taimaka wa ɗan'uwana.

Dalilin da ya sa do, mi, so suke jituwa ba al'adar Turawa ce kaɗai ba, akwai lissafi a ciki. Idan ka kaɗa tsirkiya ɗaya, ba sauti ɗaya take bayarwa ba. Tana girgiza gaba ɗayanta, tana kuma girgiza rabi-rabi, da kashi uku, da huɗu, da biyar, duk a lokaci guda. Tsirkiyar da ke girgiza sau 110 a sakan tana fitar da 220, 330, 440, 550, 660 a ɓoye cikin ƙararta. Ɗauki ukun ƙarshe, 440, 550, 660, ka sami A, C♯, E, wato do, mi, so a gidan A, bisa rabon huɗu da biyar da shida. Kakakin fada da begilar soja ba su da huji ko maɓalli, duk sautin da suke fitarwa daga wannan tsani na halitta yake.

Sai dai fiyanon da ke gabanka ba ta ba ka waɗannan lambobi cif-cif. Idan ka jera tazarar biyar tsarkakakkiya sau goma sha biyu, ya kamata ka dawo sautin da ka fara da shi, amma ba ka dawowa daidai, kana zarcewa kaɗan: lissafin yana ba da kusan 129.7 a inda ake son 128. Don a iya kaɗawa a kowane gida ba tare da an sāke ɗaure kayan kiɗa ba, sai aka raba wannan ragowar daidai wa daida a kan sautuka goma sha biyu. Sakamakon shi ne, idan A tana 440, E ɗin fiyano tana wajen 659 maimakon 660, wannan kunne ba ya damuwa da shi, amma C♯ tana wajen 554 maimakon 550, wannan kuwa ana jinsa. Wannan rabon shi ya ba da damar musanyen G7 da D♭7 da Baba ya kawo, da zagayen Coltrane, domin sai an yarda cewa B da C♭ maɓalli ɗaya ne kafin dabarar ta yi aiki.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne, mawaƙin da ya tashi da jin goge da garaya da kalangu ba a kan rabon fiyano ya horar da maƙogwaronsa ba. Na sha ganin haka a allon kwamfuta: muryarsa tana zama ƙasa kaɗan ko sama kaɗan da maɓallin, kuma a kan hakan take da daɗi. Idan ka danna sauti biyu a ƙarƙashinsa, akwai fili. Idan ka danna shida, kowannensu ma'auni ne da ke nuna inda ya kauce, sai a ga kamar shi ne ya yi kuskure. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda a situdiyo da yawa ake warware wannan da manhajar gyaran murya, a matse mawaƙin ya shiga layin fiyano da ƙarfi, alhali kiɗan ne ya kamata ya ba shi wuri.

Ɗan Agege ya sāke rubutawa:

Malama, Baba, da yayana injiniya, Allah ya biya ku. Kwana uku ke nan ina kan abin da kuka ba ni. Na kaɗa gaɓoɓin Bach huɗu a hankali har na ji C yana saukowa B da kunnena, na kuma gwada F, A, C, E zuwa F, A, B, E, kuma gaskiya da na ji ƙarar ta fito daga hannuna sai da tsigar jikina ta tashi.

Baba ya tambayi irin waƙar. Ba irin ta fim ba ce mai kama da ta Indiya, waƙar yabo ce irin ta gargajiya, da jagora da 'yan amshi, ya ɗauko salon daga wajen mahaifinsa da ke kiɗan kalangu. Na zauna na bi muryarsa a kan fiyano sauti bayan sauti, sai na tarar da wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan: tun daga farkon waƙar har ƙarshenta sautuka biyar kawai yake takawa, do, re, mi, so, la. Bai taɓa fa ba, bai taɓa ti ba. Kuma wuraren da ya ce kiɗan yana faɗa da shi, duk inda na danna G7 ne ko Cmaj7. Shin wannan yana nufin jaz ba zai shiga waƙarmu ba ke nan, in haƙura in koma wa damman da na saba?

Malama Mai Fiyano, Yaba, ta sāke amsawa:

Ƙanena, abin da ka gano da kunnenka shi ne amsar, kuma Baba ya yi gaskiya da ya ce a fara tambayar irin waƙar. Na gaya maka cewa injin biyu, biyar, ɗaya shi ne ti da fa. To waƙar mawaƙinka ba ta da ti, ba ta da fa. Ka kawo mata injin da aka ƙera da sautuka biyun da ba ta san su ba. Duk lokacin da ya tsaya a kan do kai kana riƙe da ti, rabin taki ne a tsakaninku. Duk lokacin da ya ja mi kai kana riƙe da fa, haka nan. Tsanin sautuka biyar ba shi da rabin taki ko ɗaya a cikinsa, saboda haka gogayyar da ka shigo da ita baƙuwa ce a kunnensa. Waƙar ba ta tafiya da ɗaurewa da kwancewa irin na Mozart, tana tafiya ne da kira da amshi, da kuma hawa da saukar kalmomin Hausa kansu.

Wannan matsala an daɗe ana fama da ita a Legas. Yarbanci ma harshe ne mai karin sauti kamar namu, kuma masu tsara waƙoƙin coci sun ga cewa idan aka raba waƙa murya huɗu irin ta Turai, wata muryar tana hawa inda kalma take sauka, sai ma'ana ta lalace. T. K. E. Phillips na cocin Marina ya yi aiki a kan haka, kuma a hannunsa Fela Sowande ya taso, wanda ya kaɗa jaz a Landan, ya kuma rubuta African Suite da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Ka saurare shi ka ji yadda mutumin da ya san gidajen biyu yake lallaɓa waƙar gida.

Ba sai ka haƙura da jaz ba, ƙofar da ka bi ce ba ta dace ba, ta So What ita ce taka. Damin da Bill Evans ya danna a can ba na tsallake ɗaya-ɗaya ba ne, jeri ne na tazarar huɗu: E, A, D, G, da B a sama, kuma waɗannan biyar ɗin su kansu tsanin sautuka biyar ne a gidan G. A gidan C naka, ɗauki sautukan mawaƙin ka jera su haka: E, A, D, G, C. Babu ko ɗaya a ciki da ba ya rerawa. Riƙe A, D, G da dama, ka bar hagu yana yawo tsakanin C da A da D, za ka ji launi yana sauyawa alhali babu abin da ya taka muryarsa. Inda ka saba sa Cmaj7, sa C, E, A, D a madadinsa. Inda ka saba sa G7, cire B ka sa C, ka cire F ɗin ma, ya zama G, C, D, ka ƙara A idan kana son kauri.

Abu ɗaya nake so ka dubo mini kafin ka ci gaba. Saurari inda 'yan amshi suke ajiye layinsu na ƙarshe. Idan a kan la suke sauka ko a kan re, to gidan waƙar ba C ba ne ko da sautukan na C ne, kuma a can ya kamata hagunka ya zauna. Rubuto mini sautukan amshin ɗaya bayan ɗaya yadda ka ji su, mu duba tare.